Mafarkin Ɓatan Yaro: Tambayoyin Da Iyaye Ke Yawan Yi Da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta maimaituwa a bakin iyaye a nan Bauchi, a Islamiyyar matan aure, a gidan suna da gidan gaisuwa, ko bayan sallar asuba idan magidanci ya ja liman gefe. Masu tambayar kashi uku ne. Akwai wadda ɗanta ke kwance kusa da ita lafiya lau amma ta yi mafarkin ya ɓace, akwai wadda Allah Ya karɓi nata, akwai kuma wanda nasa ya fita bai dawo ba har yau. Amsarsu ba ɗaya ba ce, don haka aka fara da na farko aka gangaro.

Na yi mafarki yarona ya ɓace, ina ta nema ban gan shi ba. Wani abu zai same shi ne?

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Mafarki ba ya ɓatar da yaro, ba ya kuma rage masa kwana. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya kasa mafarki gida uku: na gari wanda bushara ce daga Allah, na tsoratarwa wanda daga Shaiɗan yake don ya baƙanta wa mumini rai, sai kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa ya biyo shi cikin barci. Mafarkin ɓatan yaro, wanda ake farkawa da faɗuwar gaba da zufa, kusan kullum cikin biyun ƙarshe yake faɗawa.

Dubi yadda wunin uwa yake. Ta ratsa cunkoson kasuwar Wunti ko Muda Lawal tana riƙe da hannun ɗan shekara uku, ta ji cigiyar wani yaro a rediyo tana tsakar girki, da yamma ta leƙa ƙofar gida ba ta ga nata ba sai da ta kira sau biyu. Duk wannan tsoron bai tafi ko'ina ba, dare yake jira. A ganina, mafi yawan irin wannan mafarki labarin zuciyar uwa yake bayarwa, ba labarin gobe ba.

Ta yaya zan bambance na gaskiya da na Shaiɗan? An ce min na goshin asuba ba ya ƙarya.

Malamai sun ce mafarkin gaskiya yakan zo a tsare, a fili, ya bar natsuwa ko da gargaɗi ya ƙunsa. Wanda ya zo a hargitse, ana Bauchi sai ga ki a garinku na yarinta, yaron ya koma wani yaro, ƙafa ta ƙi gudu, murya ta ƙi fita, wannan shi ne irin wanda fadawan sarkin Masar suka kira tarkacen mafarkai a aya ta 44 ta Suratu Yusuf.

Zancen asuba kuwa, riwayar da ake kafa hujja da ita akwai malaman hadisi da suka raunana ta. Likitocin barci ma sun nuna cewa barci zango-zango yake tafiya, kowane zango kamar minti 90, kuma zangon da aka fi yin mafarki a cikinsa ya fi tsawo a ƙarshen dare. Shi ya sa kusan duk mafarkin da mutum ke iya tunawa, mai kyau da marar kyau, na wajen asuba ne. Lokaci kaɗai ba ya zama shaida.

To me zan yi da zarar na farka?

Abin da aka koyar a hadisi ba shi da wuya. Ki yi tofi mai sauƙi ta hagunki sau uku, ki nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da kika gani, ki juya kwanciya zuwa ɗaya gefen, kada ki ba kowa labari. Idan gaban bai daina faɗuwa ba, ki tashi ki yi alwala ki yi salla. Alkawarin da ke cikin hadisin shi ne mafarkin ba zai cutar da ke ba. Abu Salama, ɗaya daga manyan tabi'ai, ya ce yakan yi mafarkin da ke sa shi ciwo, har sai da ya ji wannan hadisi daga Abu Ƙatada, daga nan ya daina damuwa da shi. Kin ga ba ke kaɗai ba ce, manya ma sun sha wannan.

Sannan ki je ki duba yaron. Ki taɓa goshinsa, ki gyara masa gidan sauro, ki karanta masa addu'ar da Annabi (SAW) ke yi wa Hasan da Husaini: “U'izuka bi kalimatillahit tammati min kulli shaiɗanin wa hammatin wa min kulli ainin lammatin.” Idan mace ce ki ce “u'izuki”. Kafin kwanciya kuma a riƙe Ayatul Kursiyyu, da ayoyi biyun ƙarshen Baƙara, da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki.

Ko maigidana da mahaifiyata ma kada in gaya musu?

Mummunan mafarki ba a ba da labarinsa, haka umarnin ya zo. Wani balaraben ƙauye ya zo ya ce wa Annabi (SAW) ya ga an sare kansa yana gangarawa shi kuma yana bin sa, sai aka ce masa ya daina ba mutane labarin wasan da Shaiɗan ke yi da shi cikin barci. Ko mai kyau ma ba kowa ake gaya wa ba, sai masoyi ko masani. Annabi Yaƙubu ya hana Yusuf gaya wa 'yan'uwansa na jini.

Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya zauna a babban gida. Kika faɗa da safe, kafin azahar gwaggo ta ce mutuwa ce, maƙwabciya ta ce sammu ne, ke kuma kin rasa barcin mako guda. Amma hana ba da labarin mafarki ba hana neman lallashi ba ne. Kina iya ce wa maigidan, “Malam, yau ban yi barci mai daɗi ba, hankalina na kan yaran nan, ka sa mu a addu'a.” Idan kuwa abin ya zama na kullum, a duba amsar ƙarshe, domin gaya wa likita neman magani ne.

Littafin fassarar mafarki na Ibn Sirin fa? Me ya ce a kan ɓatan yaro?

Muhammad Ibn Sirin babban tabi'i ne na Basra, ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, kuma ya shahara da fassarar mafarki. Sai dai littafin da ake sayarwa da sunansa a bakin masallatai, masu bincike da yawa sun ce ba shi ya rubuta shi ba, daga baya aka tattara aka jingina masa. A irin waɗannan littattafai sau da yawa ana fassara ƙaramin yaro da damuwa ko ɗawainiya, shi ya sa za ka ji wani ya ce ɓatansa rabuwa da damuwa ne, wani kuma ya ce asara ce. Ka ga an samu fassara biyu masu karo da juna daga tushe ɗaya.

Shi kansa Ibn Sirin ba da jadawali yake fassara ba, mutumin yake dubawa. Ana ba da labarin mutum biyu da suka zo masa kowanne ya yi mafarkin yana kiran salla, ya ce wa ɗaya zai yi aikin Hajji, ya ce wa ɗayan za a kama shi da sata, saboda bambancin halinsu. An kuma tambayi Imam Malik ko kowa na iya fassara mafarki, sai ya ce, da annabta ake wasa? Don haka shafin littafi, ko wani mai bidiyo a TikTok da bai san ka ba bai san gidanka ba, ba shi da abin da zai gaya maka game da ɗanka.

Ina da ciki, wani lokacin kuma ina cikin jego, sai in riƙa mafarkin jaririn ya ɓace a cikin shimfiɗa. Lafiya kuwa?

Wannan sananne ne ƙwarai ga masu ciki da masu jego a ko'ina cikin duniya. Mace ta farka a firgice tana lalube cikin zannuwa, alhali jaririn na hannun kakarsa. Barcin mai jego a gutsure yake, ga sauyin da jiki ke yi bayan haihuwa, ga sabon nauyi a zuciya. Yakan ragu da kansa idan barci ya daidaita.

Abin lura ɗaya ne. Idan mai ciki ta ji motsin ɗan ya ragu, ko ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, asibiti za ta nufa a ranar, ko ta yi mafarki ko ba ta yi ba.

Yarona ba ya hannuna. Yana karatun allo a wani gari, kuma ina yawan mafarkin ya ɓace.

Wannan tambaya tana zuwa ta fuskoki da yawa: wadda aka kai ɗanta gabas karatu, wadda aka kai nata yaye wajen kaka, wadda aure ya mutu uban ya riƙe yara, wadda ta ba 'yar'uwarta riƙo. A nan mafarkin ba ya buƙatar mai fassara. Kewa ce, da rashin sanin abin da yaron ya ci da inda ya kwana.

Maganinsa labari ne na ido biyu. A karɓi lambar malamin tsangayar, a ji muryar yaron, a aika wani ya gano shi, in da hali uban ya je da ƙafarsa. Ina roƙon iyaye maza a nan da babbar murya: idan uwar yaro ta ce hankalinta bai kwanta ba, kada a ce mata mafarki ne kawai a wuce. Mafarkin ba hujja ba ne, amma yaron da aka yi wata shida ba a ji ɗuriyarsa ba hakki ne a kanka, Malam. Haka wanda ya rabu da matarsa, hana ta ganin ɗanta zalunci ne ga su biyun.

Na ga fuskar wadda ta ɗauke shi a mafarkin, kuma na san ta. Ba nuni aka yi min ba?

A'a. Wannan ita ce tambayar da ta fi tayar min da hankali, domin a nan ne mafarki ke rusa gida. Ba a kafa hukunci da mafarki a shari'a, ba a karɓar sa shaida gaban alƙali. Kishiya, ko uwar miji, ko tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layi, idan suka fito a mafarkinki, mafi kusa shi ne dama akwai wani abu a ranki game da su, ko kuma Shaiɗan ya samu ƙofar raba zumunci. Alƙur'ani ya ce a nisanci yawan zato domin sashensa zunubi ne, a aya ta 12 ta Suratul Hujurat.

Ƙazafin maita ba ƙaramin abu ba ne. Ana korar tsofaffi daga unguwa a kansa, ana dukan wasu, wani lokaci har rai ke salwanta, kuma sau da yawa asalin maganar mafarki ne ko sambatun yaro mai zazzaɓi. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai yana iya kiran sunan kowa. Allura yake buƙata, ba a je a tsare wata baiwar Allah a ce ta tsallaka shi ba.

Wani malami ya ce sai na yanka rago ko baƙin zakara, in ba haka ba mafarkin zai tabbata. In yi?

Sadaka alheri ce kowane lokaci. Idan kin ji a ranki ki soya masa ki raba wa almajirai, ko ki kai wa maƙwabciya mai marayu kwanon abinci, Allah Ya karɓa. Amma babu inda aka shar'anta wani yanka na musamman, mai launi kaza, don kau da mafarki. Abin da aka koyar shi ne wanda ke amsar “me zan yi da zarar na farka”, kuma ba a biyan ko sisi a kansa.

Alamar mai cin kuɗi da tsoron iyaye ba ta ɓuya. Zai ƙara miki tsoro maimakon ya rage, zai tambayi sunan mahaifiyar yaron, zai buga ƙasa, zai sa miki wa'adi. Hadisin Muslim ya ce wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

Ɗana ya rasu. Ina ganinsa a mafarki, wani lokaci yana dariya, wani lokaci yana kuka. Yana cikin wani hali ne?

Allah Ya jiƙansa, Ya sa mai ceto ne, Ya ba ki haƙuri. Ki riƙe wannan da kyau: yaron da bai balaga ba alƙalami bai hau kansa ba, babu zunubin da za a kama shi da shi. Imam Nawawi ya kawo cewa malaman da ake dogaro da su sun haɗu a kan 'ya'yan Musulmi da suka rasu ƙanana 'yan Aljanna ne. A dogon hadisin Samura bin Jundub da ke Bukhari, wanda shi ma mafarki ne amma na Annabi, kuma mafarkin annabawa wahayi ne, an nuna masa wani koren lambu da dogon mutum a tsakiya, yara masu ɗimbin yawa kewaye da shi. Aka ce masa Annabi Ibrahim ne da yaran da suka rasu a kan fiɗira, wato tsarkin halittar da ake haihuwar kowane yaro a kansa. Wannan mafarkin shi ne abin dogaro game da inda ɗanki yake, ba naki ba, ba nawa ba.

Idan kin gan shi cikin walwala, ki gode wa Allah, muna fatan bushara ce. Idan kin gan shi yana kuka, ko yana jin ƙishi, ko cikin ciwon da ya yi ajalinsa, wannan hoton kwanakin jinya ne da ya zauna miki a zuciya. Sau da yawa akwai zargin kai a ƙarƙashinsa, “da na kai shi asibiti tun da wuri”. Annabi (SAW) ya hana mu wannan “da na”, ya ce tana buɗe aikin Shaiɗan, a ce Allah Ya ƙaddara kuma abin da Ya so Ya aikata.

Akwai kuma abin da al'adarmu ke jawowa. Uwa, musamman a kan ɗan fari, ana so ta nuna kara, kada a ga hawayenta, kowa ya shigo “sai haƙuri” zai ce. Kukan da aka danne da rana kamar tukunya ce da aka rufe tana tafasa, da dare yake ɗaga murfi. Kuka ba rashin tawakkali ba ne. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu yana jariri, idanun mahaifinsa sun zubar da hawaye, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Uban yaro ma haka, Malam, ba a ce ka zama dutse ba.

Yana kirana in biyo shi. Mutuwa zan yi?

Babu wanda ya san ajalinsa, kuma mafarki ba ya sanar da shi. Begen ɗa ne. Amma idan da rana ma kina jin gara ki bi shi, ko rayuwa ta fita daga ranki, kada ki kwana da wannan ke kaɗai. Ki gaya wa wanda kika amince da shi yau, a raka ki asibiti.

Ni kuma tun da ya rasu ban taɓa ganinsa ba. Fushi yake da ni?

Ba ya fushi. Mutane da yawa ba sa tuna mafarkinsu sam, musamman wanda gajiya da baƙin ciki suka hana shi barcin kirki. Ganinsa a mafarki ba ma'aunin ƙauna ba ne. Alkawarin haɗuwa a farke yake: ya zo a Muslim cewa ƙananan yaran nan za su tari iyayensu su kama tufafinsu, ba za su saki ba har Allah Ya shigar da su Aljanna tare.

Ga wadda ke ta binne 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, ana ce mata mai wabi, har ana sa wa na gaba Ajuji ko Ayashe, kuma tana mafarkin wanda ke hannunta ma zai tafi: ban da addu'a, ku je ke da maigidan a gwada jininku. Idan ku biyun kuna ɗauke da AS, wato gadon sikila a jini ba tare da ciwon ba, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da sikila, kuma yaron da aka gano da wuri ana iya kula da shi ya rayu.

Namu da gaske ya ɓace. Na yi mafarkin yana wani gari, wata kuma ta yi mafarkin ya mutu. Wanne za mu bi?

Allah Ya bayyana shi cikin aminci. Kada ku bi ko ɗaya a matsayin labari. Ba a zaman makoki ko rabon gado saboda mafarki, alƙali ne ke yanke hukuncin wanda ya ɓace bayan bincike da jira. Kada kuma a kwashe kuɗin nema a tafi garin da aka gani cikin barci a bar hanyoyin da ke gaba. Tun sa'ar farko a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, kada a ce sai an kwana. A gaya wa mai unguwa, a yi shela a lasifikar masallatai, a kai cigiya gidan rediyo kamar BRC ko Globe FM da hoton yaron na kwanan nan da bayanin kayan jikinsa, a bi tashoshin mota a sanar da shugabannin direbobi, a leƙa asibitoci. Idan ana zargin sata ce, a kai wa NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane. Waɗanda rikicin arewa maso gabas ya raba da 'ya'yansu kuma, ƙungiyar Red Cross tana da sashen neman 'yan'uwan da suka ɓace. A yi hattara da masu kiran lambar da aka bayar a cigiya suna cewa a turo kuɗin mota yaron na hannunsu.

Fata kuwa kada a yanke shi. A 2019 an gano yara 9 'yan Kano a Onitsha ta jihar Anambra, wasunsu bayan shekaru da sace su, kuma bincike ne ya kai ga hakan. Annabi Yaƙubu ya yi kukan Yusuf har idanunsa suka yi fari, bai kuma zauna ba, ya ce wa 'ya'yansa su tafi su nemo labarinsa kada su ɗebe tsammani daga rahamar Allah. Idan mafarkin ganinsa da rai yana ƙarfafa miki gwiwa, ki riƙe shi a matsayin lallashi, ƙafa kuma na kan nema.

Mafarkin ya ƙi barina, kusan kullum ne. Yaushe zan je asibiti?

Idan ya kai makonni yana maimaituwa, kina tsoron kwanciya, kin daina cin abinci, ko kin hana yara zuwa makaranta saboda tsoro, lokaci ya yi. Haka mai jegon da ta wuce mako biyu tana kuka ba dalili, ko ba ta jin son ɗaukar jaririnta. Haka wanda ya ga tashin hankali da idonsa, hari ko haɗarin mota ko rasuwar yaro a hannunsa, abin kuma yake dawo masa cikin barci. Duk waɗannan suna da magani, kuma zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka.

A fara da asibitin unguwa, in ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke cikin Bauchi, na Gombe kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya. A tafi da duk magungunan da ake sha, domin zazzaɓi da wasu magunguna kan jawo munanan mafarkai, kuma likita na iya canza su. Kada a daina shan maganin da aka rubuta ba tare da an tambaye shi ba. A gaya masa tun yaushe abin ya fara, sau nawa a mako, da ko ana samun dannau tare da shi, a ci gaba da azkar ɗin kwanciya kamar yadda aka saba.